Ranar da Na Riƙe wa Baba Salifu Likkafa

Na shiga Salaga da jaka ɗaya, rabinta tufafi, rabinta ƙarafa: wuƙar gyaran kofato, awartaki, magagari, da ƙarafan lalas uku da na gada wurin mahaifina. Shekaruna sittin da bakwai a lokacin. Mai irin waɗannan shekaru ƙofar gida ta kamace shi, jikoki na ja masa gemu. To amma a ƙasarmu ta Jibiya dawaki sun ƙare. Wasu an sayar, wasu an kore su da bindiga, masu su kuma da yawa sun bar ƙauyukansu da abin da kai zai iya ɗauka. Ni kuwa tuwona a ƙafar doki yake. Da wani dillalin shanu ya ce min a arewacin Gana har yanzu ana ɗaure dawaki a gidaje, masu duba su kuma sun yi ƙaranci, ban tsaya doguwar shawara ba.

Hanya ba baƙuwata ba ce. Na yi shekara tara a filin sukuwa na Yamai, a can na tsinci Faransanci a bakin masu dawaki. Na zauna Garwa na iya Fillanci, na zauna Niyala na iya Larabcin kasuwa. A duk waɗannan wurare tun daga bakin tasha na san ni baƙo ne, saboda haka baƙunta ba ta taɓa yi min ciwo ba. Salaga ce ta yi min. Gari ne da kowa zai gaishe ka da Hausa, ka ji sunayen unguwanni irin na gida, ka saki jiki. Sai mai koko ta miƙo maka kofi ta ce, “Alaji, matarka bai zo tare da kai ba?” Nan take ka tuna kwana nawa ka yi a mota.

Kwana takwas na yi a zauren wani masallaci ban taɓa kofato ko ɗaya ba. Dillalin nan bai yi ƙarya ba, gishiri dai ya ƙara. Ƙasar ƙudan tsando ce, doki ba ya tsufa a cikinta sai mai shi ya tsaya a kansa kamar jariri, don haka dawakin garin da yatsu ake ƙirga su. A rana ta tara ladanin masallacin ya kai ni gidan Baba Salifu.

Baba Salifu ya girme ni da fiye da shekara goma. Kakanninsa fataken goro ne daga Kano, shi ya sa Hausarsa take nan da ƙashinta, har da karin maganar da na daɗe ban ji ba ko a gida. Tun yana magidanci motar doya ta kife da shi ta murƙushe masa ƙugu. Da sanduna biyu yake tsallaka tsakar gida, iyakar tafiyarsa ke nan. Amma yana da dokinsa, Bidi. An gina masa dakali a gindin turke. In ya hau dakalin aka riƙe masa likkafa ya zauna a sirdi, gurgu ya tafi, saura mahayi. A kan Bidi yake zuwa gonar doyarsa, a kansa yake zuwa Juma'a da jana'iza da suna da sulhun 'yan kasuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Lokacin da na zo dokin ya yi kusan wata yana ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Ba faɗuwa ya yi ba, ba wanda ya ga ranar da abin ya fara. Yau ya yi sauƙi, gobe ya dawo.

“Ɗan'uwa, duba min shi,” in ji Baba. “Ƙafafuna huɗu ne, ɗaya ta ƙi.”

Na ɗaga kofaton na share, ba ƙaya, ba ƙusa, ba mugunya. Na matsa ko'ina da awartaki, bai motsa ba. Na shafa daga gwiwa zuwa ƙasa, ban ji zafi ba, ban ga kumburi ba. Abin da mahaifina ya koya min, kuma na ji irinsa a bakin Larabawan Niyala da Fulanin Garwa, shi ne in ka nemi ciwo a ƙasa ka rasa, to yana kafaɗa. Maganin kafaɗa kuwa wuta. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwar wanda ya shekara hamsin a sana'a. Aka hura gawayi, aka yi wa Bidi dabaibayi, na ja masa layi uku a kafaɗa da jan ƙarfe. Baba ya juya fuskarsa bango har ƙaurin gashi ya bar gidan.

Aka yi mako biyu, ɗingishi na nan yadda yake, ga kuma gyambo ƙudaje na bi. Da Baba ya yi min faɗa da na ji sauƙi. Bai yi ba. Shago ya sa aka share min a ƙofar gida, kullum a kawo min tuwo da miyar ayoyo, tsokar da ta fi kyau tana kwanona.

Ana cikin haka 'yarsa Fusena ta zo daga Kumasi. Atamfa take sayarwa a can, mace ce mai jiki da baki. Ta tsaya ta dubi kafaɗar dokin, sannan ta dube ni.

“Alaji, kai ne mai aikin? Magani aka ce ka yi ko tsire?”

“Fusena,” in ji Baba.

“Tambaya na yi, Baba. In tsire ne a kawo yaji.”

Ban ga laifinta ba. Tun da Bidi ya fara ɗingishi ubanta bai leƙa ƙofar gida ba, gona kuma ba mai duba ta. Ta ce ta gyara masa ɗaki a gidanta, ga asibiti kusa, ga jikoki. A gabana ta yanka sharaɗi: in dokin bai warke ba kafin ruwan farko ya sauka, za ta tafi da shi Kumasi, ko yana so ko ba ya so.

“Gidan nata bene ne,” Baba ya ce min bayan ta shiga ciki. “Hawa na uku. Ka taɓa ganin an ajiye gurgu a hawa na uku? In aka hau da ni, ɗan'uwa, sau ɗaya za a sauko da ni.”

Shi ya kawo maganar Yendi, garin Dagomba, inda dawaki suka fi yawa, masana su ma haka. Muka yi shatar wata tsohuwar motar doya, shi da Fusena a gaba, ni da Bidi a baya. Ya dage sai an ɗora sirdi da linzami. Fusena ta ce ƙarin kaya ne kawai. Ya ce, “Tafiya ce a mota. Dawowa a kansa zan shiga Salaga.”

An yi da direba doki kaɗai zai ɗauka. Muna fita gari ya tsaya ya loda buhunan gawayi, a Bimbila ya ƙara awaki shida da mai su. Na yi magana, ya bushe da dariya ya ce, “Najeriya, a ƙasarku mota yana tafiya ciki babu komai?” Direban Garwa yana cutarka yana rantsuwa, na Niyala yana cutarka yana yi maka addu'a, na nan kuwa da dariya yake yi, har ka rasa inda za ka ajiye fushinka. A tsaye na yi tafiyar, na tokare Bidi da jikina ta ɓangaren kafaɗarsa mai lafiya. Duk ramin da muka faɗa ina jin yadda yake ɗage ƙafar nan.

A Yendi mun sauka gidan Afa Yakubu, abokin karatun Baba. Afa shi ne malami a bakin Dagomba. Kwana biyu labarinmu ya zaga gari, sai ga wani mutum mai farar riga da jakar fata, bakinsa kamar zuma. Ya yi wa Bidi allura a wuya. Washegari dokin ya taka ƙafar da ɗan dama, Baba ya yi ta sa wa mutumin albarka. Na tsinci kwalbar allurar a bayan katanga, na kuwa gane ta. A Yamai da ita ake rufe ciwon doki ranar da za a nuna shi ga mai saye. Ba ta warkarwa, ɓoyewa take yi. Na sa ta a aljihu na yi shiru. Wanda ya ƙona kafaɗa a banza, da wane baki zai kushe maganin wani? Bayan kwana uku ɗingishi ya dawo, mutumin ma ya dawo, wannan karon da wani mai sayen dabbobi, yana cewa doki ya gama yawo, gara a rabu da shi tun yana tsaye. Fusena ce ta raka su ƙofa da yaren Asante, wanda ban iya ba amma na fahimta sarai.

A garin nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Na kira matata Hajara a waya, ta ce akuya ta haifi biyu, katangar baya ta zube, ta tambaye ni ko aiki na samuwa. Na ce alhamdu lillahi. Daga nan abinci ya fita raina. Matar Afa, Mma Sanatu, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, amma ta lura kwanona yana komawa yadda ya zo. Ran nan da hantsi ta ajiye min ƙwarya a gaba. Fura ce da nono, an dama ta da kauri, ana jin citta da kanumfari kamar ta gida. Ashe tattaki ta yi har rugar Fulani a bayan gari. Na yi godiya, ta ce “Naa,” yadda suke amsa kowace gaisuwa, ta koma ciki. Na sha ina fuskantar bango don kada a ga idona.

Afa ne ya kawo wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a bargar wani basarake. Bai ko taɓa dokin ba. Ya sa na ja shi gaba da baya sau biyu, ya yi magana da yarensu, Afa ya fassara. Mai ciwon kafaɗa, in ji shi, jan ƙafa yake yi, ba ya iya miƙa ta gaba. Wannan yana miƙawa lafiya lau, sauke ta yake tsoro. Ciwon yana ƙasa, amma shi bai san daidai inda yake ba. Ko sau ɗaya bai dubi lalas ɗina ba, ladabin da ya fi min zagi zafi. Ya ce akwai wata likitar dawaki daga Wagadugu da takan tsallako Bawku wasu ranakun kasuwa. Tana da allurar da ke tambayar doki inda ke masa ciwo, da na'urar da ke ganin ƙashi.

“Bawku?” in ji Fusena. “Garin da ake rufe mutane a ɗaki tun rana bai faɗi ba?”

“Ni ma a rufe nake,” in ji Baba. “Mu je.”

Afa ya samo mana wani direban, Alasan, magidanci mai haƙuri. Muka bi ta Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri kowa na salati, muka ratsa shingen sojoji bayan shinge. A ɗaya daga ciki wani soja ya leƙa baya ya ga kafaɗar Bidi, ya ɗauko ruwan leda biyu, ya ba ni ɗaya, ɗayan ya fasa ya zuba wa dokin a baki. Bawku ta fi ko'ina kama da gida: ga kuka, ga jakuna, ga buhunan albasa, ga Hausa a kowane lungu. Sai dai kowa yana magana yana duban rana, saboda dokar hana fita.

Mun sami likitar a wani fili bayan kasuwar shanu, ƙarƙashin ɗorawa. Siririyar mace ce mai takalmin roba, ba ta wuce arba'in ba. Faransanci da Mosanci kawai take ji, Baba da Fusena kuwa ba su da ko ɗaya. Sai na zama tafinta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, don tun Salaga ban ga amfanina ba sai ranar.

Ta ga layukan nan uku ta ce, “Wa ya yi wannan?”

Na ce ni ne.

“Kakana ma haka yake yi,” ta ce, ta sunkuya kan ƙafar.

Ta sa Alasan ya ja Bidi da sassarfa a busasshiyar ƙasa, miƙe, sannan a zagaye. Duk sanda ƙafar hagu ta taɓa ƙasa, kansa sai ya ɗagu. Ta matsa kofato da awartakinta, ta lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce doki ba ya magana, don haka za ta kashe wa ƙafar ji kaɗan-kaɗan, ta fara daga ƙasa tana hawa. Inda ta kashe ɗingishi ya ɓace, nan ciwon yake. Na ce wa Baba kamar mai neman ɗakin da ake kuka ne a babban gida, yana rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar da ya rufe kukan ya ɗauke, nan ne. Misalin ya yi wa Baba daɗi har ya maimaita wa Alasan. Ban ƙara masa da cewa mai kukan yana nan a ciki ba.

Ta aske gashi ta wanke wurin, ta yi allura biyu ƙanana dab da saman dunduniyar kofato, ciki da waje. Aka jira kamar minti goma. Ta tsikari wurin da bakin biro, bai ji ba. Aka ja shi, kai na nan yana ɗaguwa. “Ba kofato ba ne,” in ji ta. Fusena ta yi tsaki ta ce za ta je ta samo mana wake da shinkafa, tun safe tsoho bai ci komai ba.

Allura ta biyu ta hau sama kaɗan, bayan gaɓar da ke saman kofato, inda gashi ke tsiri. Aka sake jira. Alasan ya ja ragama, Bidi ya bi shi da sassarfa, kai a miƙe, sawu huɗu suna sauka daidai kamar ana kirɓa sakwara. Ya je ya dawo, ya zagaya, babu ko alama. Baba da ke kishingiɗe a tabarma ya tashi zaune.

Likitar ba ta yi murmushi ba. Ta ce min ciwon yana cikin gajeren ƙashin nan da ke tsakanin allura ta farko da ta biyu, kuma ba ta son abin da take zato. Batirin na'urar hotonta yana wani shago a cikin gari ana cika shi da wuta, za ta ɗauko, rabin awa. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, “Ka faɗa masa bai warke ba. Ciwon barci kawai yake yi. In ƙashin a tsage yake, yanzu ne ya fi haɗari, don ba abin da zai hana shi taka shi da ƙarfi. A ɗaure shi. Kada a ja shi, kada kowa ya hau.” Ta giciye hannuwanta biyu a ƙirji ta ware su, ta shiga motarta.

“Me ta ce?” in ji Baba.

A duk inda na yi tafinta, daga Yamai har Niyala, abu ɗaya aka koya min: ba a miƙa wa babba magana da zafinta, sai an fifita. Ba a ce wa wanda ya girme ka “kada”. Ga fuskar da tun da na san ta ban ga haƙoranta ba sai yanzu. Ga ni, wanda ya ci tuwonsa ya ƙona masa doki. Na buɗe baki na ce, “Ta ce an gano wurin, za ta ɗauko na'urar hoto. Ta ce a bi shi a hankali kafin ta dawo.”

“A hankali,” in ji Baba. “Ai ni ban taɓa binsa da gaggawa ba. Alasan, sauko min da sirdin nan.”

Ana ɗaura sirdi na ce, “Yaya, da an jira ta.”

“Zagaye ɗaya, ɗan'uwa. Wata biyu ban ga tsakiyar kan mutum ba, kullum haɓa nake gani.”

Alasan ya ɗaga shi ya zaunar a bakin mota, aka jawo Bidi kusa. Baba ya miƙo min hannu ya ce, “Riƙe min likkafa.” A wurin masu dawaki ba kowa ake ce wa haka ba. A gidansa ladan ne kaɗai ke riƙewa tun bayan rasuwar ƙaninsa. Girma ya ba ni a gaban mutane bayan duk abin da na yi. Kwalbar Yendi tana aljihuna, maganar likita tana kunnena, na sunkuya na riƙe.

Ban taɓa ganin sa a sirdi ba sai ranar. Bayansa ya miƙe, shekara ashirin suka sauka daga kansa. Ya fara da takama, masu shanu suka juyo suna kallo. Bidi ya yi wata biyu a ɗaure, ga ƙafa ta daina ciwo, shi da kansa ya nemi hanya. Sassarfa ta zama sukuwa. A ƙarshen filin Baba ya karya linzami zai juyo, sai na ji ƙara kamar an taka busasshen karan dawa.

Baba bai faɗi ba, mahayi ne. Dokin ya yi tuntuɓe ya tsaya a kan ƙafa uku, kofaton hagu yana lilo ta inda bai kamata ba. Muka sauke tsohon muka zaunar da shi a ƙasa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Bidi bai san abin da ya same shi ba. Allura na nan da ƙarfinta. Ya sunkuyar da kai yana tsinkar ciyawa.

Likita da Fusena kusan tare suka iso. Likitar ta dubi sirdin, ta dubi ƙafar, ta dube ni. “Ka faɗa masa?” ta ce. Na juya na fara kwance sirdin, ita ma ba ta sake tambaya ba. Ta sa wata riga mai nauyi mai kare jiki daga hasken na'urar, ta ba ni irinta da wani faranti in riƙe a bayan ƙafar, ta saita na'urar. Hoton ya fito a kwamfutarta nan take. Shekara hamsin ina shafa wannan ƙashi ta bayan fata, ranar na fara ganinsa, a farfashe kamar tulun da ya faɗo daga ka. Ta sa yatsa a kan wani layi da ya gangaro daga saman ƙashin, gefensa fari-fari. Ta ce wannan ce tsohuwar tsagar, farin nan kuma sabon ƙashi ne, ta fara haɗewa da kanta. Da an ɗaure shi wata uku ko huɗu ba hawa ba ja, tana kyautata zaton da ya warke.

“Alaji, me ya ce?” in ji Fusena. “Faɗa duka, kar ka rage.”

Wannan karon ban fifita ba. Na faɗa har da cewa wannan karaya ba ta ɗoruwa, a nan ko a Wagadugu, kuma nan da awa ɗaya allurar za ta sake shi ya ji komai. Gara a yanke shawara kafin lokacin.

Kafin in rufe baki mahauta biyu sun matso, don a wajajen nan akwai masu cin naman doki. Ɗaya ya durƙusa ya yi wa Baba jaje da ladabi, sannan ya kawo buƙatarsa. Baba ya ce, “Ɗana, shekara goma sha ɗaya yana kai ni masallaci. Ba zai shiga tukunya ba.” Ya ce a jawo masa Bidi kusa. Likita ta yi allurar farko, muka kwantar da Bidi a hankali, Baba ya ɗora kan dokin a cinyarsa yana shafa goshin, yana faɗa masa wasu maganganu da ban matsa na ji ba. Ta yi ta biyu, numfashinsa ya tsaya. Fusena mai baki ta tsuguna a bayan ubanta, ledar abinci na hannunta.

Wani manomin albasa, Bakusashe ɗan ƙabilar wajen, wanda tun farko yake tsaye yana kallo, ya nuna mana gefen gonarsa ya ce a binne shi a nan. Shi da maƙwabtansa suka kawo diga da shebur, kuma ba su tafi ba sai da aka mayar da ƙasa, ko da yake rana ta yi ƙasa kowa na son ya kai gida kafin dokar hana fita. Ban san sunansa ba har yau.

Washegari da safe muka je tashar Kumasi. Baba ne da bakinsa ya ce ba zai bi ta Salaga ba, a aiko masa da littattafansa daga baya, ba ya son ganin turke. Fusena ba ta yi kama da wadda ta ci nasara ba. Da ta tafi yankan tikiti na zauna kusa da shi a benci.

“Yaya, akwai maganar da ban fassara maka ba jiya.”

Na faɗa masa ita kalma bayan kalma, yadda likita ta faɗa min: bai warke ba, a ɗaure shi, kada kowa ya hau.

“Ɗan'uwa,” ya ce, “Faransanci ne ba na ji, ba ido na rasa ba. Na ga yadda ta yi da hannuwanta. Da ka faɗa, da Alasan ne zai riƙe likkafar, shi ke nan bambancin.” Ya ɗan taɓa gwiwata. “Ka bar ta a nan. Kada Fusena ta ji, bakinta ba ya ɗaukar linzami.”

Aka kira fasinja. Maza biyu suka ɗauke shi cak suka hau da shi matakalar motar, Fusena na biye da sandunan. Ya sami kujerar taga, ya ɗaga min hannu sau ɗaya.

Na ƙara wata biyar a ƙasar kafin in koma Jibiya, kuma daga lokacin zuwa yau babu makon da ba na komawa filin nan a zuciyata. Ina ganin ɗorawar, ina ganin likita tsaye a gabana tana giciye hannuwa, ina ganin Baba zaune a tabarma ta hannun damana. Na duba ta kowace fuska, na sake dubawa. Tun daga sanda Bidi ya yi sassarfar nan har motar likita ta tashi, ban ga inda ya ɗauke ido daga kan dokinsa ba, balle ya ga hannuwanta.